Baƙar Leda a Tagogin Taragon Nguru

Tun da aka fara farke titunan Riyad domin a yi wa jirgin ƙasa hanya, yaranmu na nan ba su da wata hira sai ta jirgi. Duk inda ka zauna, a shagon shayi ko a ƙofar masallaci bayan an sauko Juma'a, sai wani ya zaro waya ya nuna maka hoton abin da ake jira: tarago fari fat, kujerun roba, sandar ƙarfe ta riƙewa, babu mai duba tikiti, babu direba. Wannan "babu direba" ɗin da alfahari suke faɗinsa, alhali rabinsu da tuƙi suke ci. Nakan karɓi wayar in duba saboda ladabi, in mayar wa mai ita. Abin da nake gani ɗakin jiran asibiti ne aka sa wa ƙafafu. Na yi ƙuruciyar aikina ina karanta labarai a gidan rediyo, inda aka hore mu da kada mu kira abu da sunan da bai cancanta ba, shi ya sa har yau bakina yake nauyin kiran wannan abu jirgi.

Jirgin da na sani saura guda ɗaya a duniya, kuma a kan teburina yake a ɗakina na unguwar Manfuha. Tarago ne tak, tsawonsa kamu guda, wanda na gina cikinsa da hannuna. Na yi wa wani tsoho sa'ana, Malam Iliyasu, alkawarin zai ga cikin taragon nan kafin ya bar ƙasar Saudiyya, kuma saura ƙiris 'yan zamani su hana ni cika alkawarin. Amma sai na fara faɗin abin da ke cikin taragon, in ba haka ba ba za a gane girman wautar da aka tafka ba.

Garinmu yana kan layin dogon da ya taso daga Nguru ya nufi Kano. Ba mu da agogo, ba mu kuma taɓa jin rashinsa ba. Tun jirgi bai ɓullo daga bayan kukoki ba za ka ji dogo ya fara wani siririn amo kamar an ƙyasta bakin tasa, sai mu yara mu kwanta rub da ciki mu ɗora kunne a kan ƙarfen, ga shi da zafi kamar tanda, muna gardamar ko na kaya ne ko na fasinja. Can sai kukan ya iso, dogo, mai shaƙewa a ƙarshe, gari ya motsa gaba ɗaya. Mahaifiyata ta tsame ƙosai ta juye a tire, masu fura su gyara gammo, mai tsire ya hau fifita wuta, awaki ma sun san su ba da hanya. Ni aikina kwal ne. In injin ya tsaya shan ruwa, mai zuba masa wuta yakan turo 'yan gutsattsarin kwal da bakin shebur kamar bai sani ba, mu bi da kwando muna tsinta, yatsu suna ƙuna. Mata kuma su jera bokitai a gefen injin, direba ya murɗa wani famfo ya sako musu ruwan zafi, ranar an huta da hura wutar wanki. In jirgi ya yi jinkiri har ƙosai ya fara hucewa, mahaifiyata ta shiga mita, kakata takan ce mata, "Ke dai zauna. Mutane ya ɗauko, ba duwatsu ba. Wataƙila wani ne bai gama alwala ba."

Bayan girbi, da kara ya bushe, kowane yaro a garin maƙerin jirgi ne. Wuƙar ma jirgin ne ke ƙera mana ita. Ka sami ƙusa ka ɗora a kan dogo ka koma gefe. In ya wuce ka tarar ta baje, ka wasa ta a dutse, ka naɗa mata tsumma a gindi. Da ita muke fere kara, ɓawo daban, totuwa daban, mu kankare ƙafafu daga sakaina, mu jona tarago a bayan tarago mu ja da zare, muna yi masa kuka da baki har murya ta dushe. Yaron yanzu a kwali ake sayo masa jirgi, da batir da fitila, abin ya yi ta zagaye shi kaɗai a tsakar ɗaki, mai shi yana can yana latsa waya. Mu kuwa har faɗa muke yi a kan wanda bututun hayaƙinsa ya fi kama da na gaske. Sai dai jiragenmu duka ba su da ciki. Ba wanda ya taɓa shiga a cikinmu. Daga ƙasa muka san jirgi: ƙafafunsa, matakalarsa, gwiwoyin hannu da ke leƙowa ta taga, da hannun da zai miƙo ya karɓi ƙosai ya koma.

Sai da na isa tafiya makaranta Kano na taka matakalar nan. Abin da ya fara dukana wari ne: busasshen kifin Nguru, hayaƙin kwal, man shanu, gumi, da goro. Sannan idona ya washe na ga bencina na katako suna fuskantar juna, an jera sirarun katakai da 'yar tazara a tsakani, sun yi sheƙi ba don fenti ba, don yawan zaman mutane. A sama ragar kaya ce, ta lotsa da tabarmi da ƙullin tsummoki da buhunan da ba a tambayar abin da ke cikinsu. A ƙarƙashin benci akurkin kaji. Tagogin suna da gilashi, suna kuma da marufin katako da ake jawowa sama da wata igiyar fata in rana ta juyo. Can ƙurya makewayi ne, rami kawai, in ka leƙa ka ga tsakuwa tana gudu. Ba wanda ya san wani, amma ba wanda zai kwance ƙunshin abincinsa bai ce wa na kusa da shi bismilla ba. In lokacin salla ya yi, sai a janye ƙafafu daga hanya a shimfiɗa buzu ɗaya, a riƙa yi bi da bi, Bayarabiya mai atamfa tana riƙe wa Bafillatana jariri har ta sallame. Yau na shiga motocin haya a garin nan da ba su ƙirguwa, na zauna kafaɗa da kafaɗa da mutumin da muke jin yare ɗaya, ya toshe kunnuwansa da waya tun kafin in gama sallama.

Kusa da ni wani dattijo ne mai fataucin fatu, wanda ya hau tun daga Nguru. Ya ɓara goro ya ba ni, ya tambaye ni ɗan wane ne ni, ya ce in na je in yi karatu in bar wasa, sannan ya jingina kai da taga ya ja rawani ya rufe fuska. Da azahar ta yi aka taɓa shi ya tashi ya yi salla, bai tashi ba. Babu wanda ya yi ihu. Wata tsohuwa ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ta ce in yi ta salati. Da muka tsaya a wata 'yar tasha da ko rumfa ba ta da ita, shugaban tashar ya ce a sauke gawar a gindin bishiya jirgi ya wuce, shi zai nemo mutanen ƙauye. Gadin jirgin, wani dogon mutum mai tsage a kumatu, ya naɗe tutarsa ya soke a hammata. Ya ce, "Mutum ya hau da ƙafarsa, ba za a sauke shi kamar buhun gyaɗa ba. In sun dawo daga maƙabarta ma tashi." Ƙauyen ba su da makara. Wani kafinta cikin fasinjoji ya fito da kayan aikinsa ya kwance majinginar bencin da mamacin ya zauna, aka ɗora shi a kai. Direba ya sako ruwan zafi aka sirka, aka yi masa wanka a bayan zana. Wani mai sayar da yadi ya yanko fari daga bandir ɗinsa tun ba a tambaye shi ba. Muka yi sahu a bayan limamin ƙauyen, mu da babu ko ɗaya a cikinmu da ya san sunan mutumin. Majinginar aka bar wa ƙauyen, gadi ya kau da kai. Na ƙarasa Kano a kan benci marar majingina, bayana yana ciwo, kuma tun daga ranar na san cewa jirgi cikinsa ne. Sauran duk ƙarfe ne.

Shekaru suka ja. Layin ya mutu, ciyawa ta rufe dogo, aka kwance abin da ke kwantuwa aka kai wa 'yan gwangwan. Ni kuma rediyo ta sallame ni, na zo Riyad aikin fassara littattafan alhazai. Wata ranar hutu ina yawo a haraj, kasuwar gwanjon garin nan, na ga ɗan tarago cikin tarkacen wani Bature da ya tattara ya koma ƙasarsu. Daga waje ba laifi, tsawonsa da jerin tagoginsa sun yi kusa da namu. Da na ɗaga rufin na tarar da jajayen kujerun roba a zube haɗe da juna, kamar haƙoran roba a kofi. A bakin kasuwar na ɓalle su na jefa a kwandon shara.

Daga nan na fara. Katakon benci 'yan sandunan motsa shayi ne. Ina tsaga kowanne da reza a tsaye har ya koma siririn da nake so, in jiƙa a baƙin shayi mai kauri ya kama launi, in shanya, in goga masa man kaɗanya da babban yatsa har ya yi irin sheƙin nan na zaman mutane. Ragar kaya daga tsohon gidan sauro na yanko, na yi mata ƙafafu da tagullar cikin wayar caja. Buta ƙwayar carbi ce da na huda na lanƙwasa mata hanci. Akurki da tabarmi zaren ganyen dabino ne, na saƙa da hantsakin da na samo wajen wani mai gyaran agogo a unguwar Dira. Gilashin tagogi farar robar kwalin dabino ce, marufansu kwalin magani. Bayan sallar asuba nake aiki, lokacin da hannu bai fara rawa ba, haske kuma yana shigowa a kwance. Farin gam na kafinta kaɗai nake amfani da shi, da bakin tsinken sakace, ɗigo ɗigo, domin yana ba mutum damar gyara kuskurensa kafin ya bushe. Rufin kuwa ban taɓa manne shi ba, zama yake yi kamar murfin kwano. Benci ɗaya na bari ba majingina.

Ba duka nake tunawa ba, a nan Malam Iliyasu ya shigo. A masallacin Juma'a na Dira na tsinci kalmar Nguru a bakinsa, na juya. Mutumin wani ƙauye ne a gabashin Damagaram. Da ƙuruciya a ƙafa suke saukowa Nguru cin rani, su hau jirgi zuwa Kano. A nan kuwa dabino yake yi wa ban ruwa a wata gona can bayan Dir'iyya, kuma kafilinsa, wato mai gidan da iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ke hannunsa, ba ya barinsa fita sai da dalili mai ƙarfi. Saboda haka a waya muka gina rabin taragon. "Mai labaru," haka yake kirana, "ƙugiyar buta a bayan ƙofa take, ba a gefen taga ba. Kai da ka hau sau nawa ma?" In ce masa ɗan cin rani da ke kwana a ƙarƙashin benci ina ya ga ƙugiya. Ya ce daga ƙasa ai an fi ganin komai. Ana nan sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Kafilin ya ce ba zai sabunta iƙama ba, aka buga masa fita ba dawowa, jirgin saman da zai mayar da shi gida washegarin ƙaramar Salla zai tashi. Rana ɗaya aka ba shi ya yi sallama da mutane, ranar Sallar, a walimar da ƙungiyarmu ta 'yan gida take yi duk shekara a wani gidan shaƙatawa da ake haya a bayan gari. Na ce masa a can zan kawo taragon. Ya ce, "Ka dai yi sauri, idon nan ba jirana yake ba."

Shugaban ƙungiyar wani yaro ne Mansur, direban wani gida a arewacin gari, mai ƙamshin turare da takalmi mai sheƙi. Labarin taragon ya kai masa, ya zo har ɗakina cikin azumi.

"Baba, masha Allah! Wannan ai a teburin kayan gargajiya za mu sa shi, baƙi su gani." Ya ɗaga rufin ya leƙa, murmushin ya ragu. "Baba, wannan kwando ne?"

"Akurki ne. Kazar tana ciki."

"Wannan ramin fa?"

"Makewayi."

Ya yi 'yar dariya, ya ga ban taya shi ba. "Ya'ani, Baba, Larabawa za su zo fa. Kafilina ma ya ce zai leƙo. Su ga benci irin na mai shayi, ga kaji, ga masai, ga kujera ɗaya ma a karye? Wallahi fashla ce."

Fashla a bakinsu ita ce abin kunya. Hausa tana da kalmar, amma ta Larabcin ta fi musu daɗi, ko don kunyar ma ta Larabawa suke ji. Ya zaro waya ya nuno mini sabon jirgin da aka fara tsakanin Abuja da Kaduna. "Ga abin da muke da shi yanzu. A sa masa irin waɗannan kujerun mana, da ɗan labule. Akwai wani shago da injinsu ke zubo su da roba, kafin ka sha ruwa an gama."

"Ka taɓa shiga wannan ɗin?"

"A'a, amma na gani a bidiyo."

"To ni na shiga nawa."

"Halas, Baba, mafi mushkila. Yadda kake so haka za a yi."

Ba ni da mota, kuma tun jajibere suke shirya teburin, saboda haka shi ya zo ya ɗauka. Na naɗe taragon a tawul na sa a kwali, na ce ya riƙe shi a miƙe, kada kowa ya taɓa rufin. Ya ce a kan idonsa, wato zai kula da shi kamar idonsa.

Ranar Salla bayan la'asar na isa. Lasifika tana ta ƙara, an rataya wani ƙaton kyalle mai hoton gadojin Abuja, samarinmu sun sha fararen riguna da jan rawanin Larabawa, suna gaisa da juna da Larabcin da ko mai shagon unguwa sai ya nemi a maimaita masa. Na nufi teburin. Ga huluna, ga kilishi, ga mafitai, ga taragona a tsakiya. Tagoginsa duka baƙi ƙirin.

Na tsaya na duba da kyau, domin aikina ya koya mini kada in ba da labarin da ban tabbatar ba. Baƙar ledar nan ce da ake manna wa gilashin mota don kada a ga na ciki. An yanka ta daidai kowace taga, ba kumfa, ba karkata. Wannan ba zan hana shi ba, aikin hannun wanda ya saba ne. Shekarunsa a garin nan yana tuƙa mutane a bayan baƙin gilashi, abin da ya koya ke nan game da daraja: babban mutum shi ne wanda ba a ganin cikin motarsa. Na sa yatsa zan ɗaga rufin, ya ƙi motsi.

"Baba, ka ga yadda ya fito?" Mansur ne a bayana, yana washe baki. "Ragowar ta motar gidanmu ce. Yanzu ya koma fes kilas. Ban taɓa maka komai a ciki ba, wallahi, yadda ka ce. Rufin kuma na ɗan sa masa sufa gulu saboda yara."

Na sunkuya. Na sa farce na ɓare ledar taga ɗaya. Robar da ke ƙarƙashinta ta yi fari kamar an shafa mata nono. Haka wannan gam yake yi in an rufe shi a wuri ba iska, tururinsa ya bi farar roba ya makantar da ita. Na ɓare ta biyu, na ɓare ta uku, duk haka. Na karkata taragon na ga gam ɗin ya gangara ta ciki ya kama ƙafafun ragar kaya. Ko da ledar ko ba ita, ta taga dai ba a ganin komai, rufin kuma ba zai tashi salin alin ba. Da a ɗakina ne, da reza da haƙuri, wataƙila in raba su a hankali cikin makonni. Makonnin ne babu.

Ina tsaye aka shigo da Malam Iliyasu, wani abokin aikinsa yana riƙe da hannunsa. Ya rame, ya sa wata shuɗiyar riga da ta sha guga. Motar gonar tana waje, an ce da magariba za ta juya.

"Mai labaru! Ina jirgin? Ko ya tashi ya bar ni?"

Na kama hannunsa na ɗora a kan taragon. Ya shafa shi daga wannan kai zuwa wancan, ya sunkuya a hankali yana dafe da tebur, ya kai idonsa mai ɗan dama-dama daidai taga. Ya daɗe a haka. Ya koma taga ta gaba. Sannan ya miƙe ya goge idon da bakin riga.

"Shi ke nan, ya ƙare," ya ce. "Jiya ina ganin yatsuna. Yau fari kawai nake gani. Ka yi haƙuri, Mai labaru, na sa ka wahalar banza."

"Ba idonka ba ne."

Akwai wuƙa a kan tiren kilishi. Na ɗauka na goge ta da tawul, na nemi bakin rufin ta wajen ƙofa na soka.

"Baba! Za ka ɓata shi! Baƙi fa ba su gama zuwa ba!"

"Matsa."

Na murɗa wuƙar. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Rufin ya tsage gida uku, ragar kaya ta gefe ɗaya ta biyo shi, tabarmi da ƙullin kaya suka zube a kan bencina, bangon makewayi ya rabu da gindinsa. Aikin da ya ci mini asubahin hunturu guda ke nan. Ina ɗaga taragon, Mansur ya ja huluna ya rufe gurbin da ya bari a teburin. Kafilin nasa, wanda aka makantar mini da tagogi dominsa, bai zo ba har aka tashi.

Na ɗauki taragon na ja Malam Iliyasu muka fita waje, gindin katanga, inda sauran hasken rana yake. Muka zauna a ƙasa. Na tsince abin da ya zube na ɗora masa taragon a cinya. Ya sunkuyar da kai har hancinsa yana kusan taɓa bencina. Abin da idon ya kasa, ya bar wa ɗan yatsa. Ya bi hanya tun daga matakala, ya tsaya a bayan ƙofa ya taɓa butar, ya gyaɗa kai. Ya shafa benci ɗaya, ya sake shafawa.

"Ya yi santsi da yawa," ya ce. "Ina kuɗin cizon?"

Na ce na bar su a Damagaram wajen danginsu. Ya yi dariya har da tari. Sannan yatsan ya ci gaba da yawo a kan kujerun.

"To ina mutanen?"

"Ban yi su ba. Hannuna bai iya fuska ba."

"Kai dai rago ne. Riƙe mini nan, ni na san inda kowa yake."

Ya koma bakin ƙofa ya fara daga Nguru. Nan mai kifi take zama, ta saka buhunta a tsakanin ƙafafu, ba mai iya matsar da ita. Nan wani makaho da ɗan jagoransa. Nan su huɗu 'yan garinsu, da sandunansu da gorar ruwa ɗaya, wanda ya fi su tsoro a wajen taga don ya ce zai yi amai. Ya kira sunayensu, ya faɗi wanda ya rasu a Kano da wanda ya rasu a gida. Sai ya ja jirgin da baki, ya tsayar da shi a Birniwa, ya shigo da wata amarya da 'yan rakiyarta, ya rasa inda zai zaunar da su, ya tashi wani soja tsaye. Yana kiran tashoshin ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake ko wacce, a kowacce sai wani ya sauka wani ya hau, ni kuma ina riƙe da taragon kada ya karkata.

A ciki aka shiga kira a lasifika, dattawa su taso a yi hoton tarihi da shugabanni. Aka kira, aka sake kira, har aka turo wani ya ce mu kaɗai ake jira. Malam Iliyasu bai ɗago kai ba. Na ce wa ɗan aiken su yi hotonsu, mu ko Gagarawa ba mu kai ba tukuna.